Rasuwar Shafin Shagon Maɓallai da Waɗanda Suka Yi Ajalinsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni babbar 'yar mai shagon kayan ɗinki da ke kwanar layin teloli nake sanar da 'yan uwa, da teloli maza da mata, da duk wanda ya taɓa sayen allura ɗaya a hannunmu, rasuwar shafinmu na intanet. Ina wannan sanarwa a madadin kaina ni kaɗai, tunda sauran iyalin suna da hannu a ciki. Marigayin ya cika ne a makon da nake asibiti ina jinyar 'yata da ta haihu. Ba ciwo ne ya kai shi ba. Rutsa shi aka yi, ba kowa a kansa.

An haifi marigayin a shekarar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana shagon, ni da autanmu. A lokacin muna da wani maƙwabci mai shagon kwamfuta, mutum mai sanyin hali, wanda ya daɗe da tashi daga layin. Shi ya leƙo wata rana ya ce, "Hajiya, ki kawo hotunan kayanki in buɗe miki shago a cikin waya." Na shimfiɗa baƙin karammiski a kan kanta, na sauko da kwalabe, na ɗauki kowane maɓalli hotonsa shi kaɗai. Na ƙashi, na katako, na roba, na ƙarfe mai ruwan zinariya, mai huda biyu, mai huda huɗu, har da ƙananan nan na rigar jarirai da sai ka lasa yatsa kafin ka ɗauke su. Kowane kwarkwaron zare da hotonsa, kowane zif da nasa. A durƙushe na yi aikin, gwiwata ta dama ba ta yafe mini ba har yau. A can saman shafin kuma, a ɗan lungun da kowane shafi ke manna tambarinsa, na sa hoton wani jan maɓalli guda ɗaya, wanda ba na sayarwa ba ne.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da natsuwa. Ba ya shigowa a guje kamar wanda aka koro. Idan ka buɗe shi, fari fat za ka fara gani, ka ɗan zauna da tunaninka. Can sai sunan shago ya fito da rubutunsa mai lanƙwasa. Sai wata 'yar allura ta bayyana tana shiga tana fita a ƙarƙashin sunan, kana jin ƙarar keke a hankali, karrr, karrr. Daga nan maɓallai su fara isowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami wurinsa ya zauna, ba turereniya. Idan ka zaɓi kaya ka danna, almakashi ya amsa maka, ƙyas. Wannan ƙyas ɗin ina jin sa a kunnena yanzu haka da nake rubutu. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba: launin da ka gani shi za a kawo maka. Bai taɓa gajiya da mai tambaya ba. Masu ƙaramar zuciya sun ce yana da sanyin jiki. Ni dai na san ba a taɓa kama shi da gaggawar banza ba.

Abin da suka kira ciwonsa ya faro ne daga wani tela mai ɗinkin yunifom, babban mai cinikinmu. Wata rana yana tsaye a tsakiyar kasuwa, sabis ba ƙarfi, yana son ya aiko a ware masa farin maɓalli na rigunan wata makaranta. Ya buɗe shafin, shafin ya ɗauki lokacinsa kamar yadda ya saba. Maimakon bawan Allahn nan ya nemi inuwa ya jira, sai ya shiga shafin waɗancan na tsallaken titi, masu sayar da maɓallin da ke fashewa a wankin farko, ya saya a can. Bai tsaya nan ba, sai da ya biyo ta shago ya ba Auta labari, yana dariya.

Da yamma ina share kanta Auta ya ce, "Yaya, shafin nan fa yana kore mana mutane."

Na ce, "Mutum ɗaya ne ya zama mutane?"

"Shi ne ya faɗa. Sauran tafiya kawai suke yi."

"Lokacin da nake durƙushe ina ɗaukar hotunan nan, kana ina?"

"Ina kai kaya, Yaya. Har yanzu ni ke kaiwa, shi ya sa na san yadda suka ragu."

Matarsa tana gefe tana naɗe leshi. Ita dama ba ta shiga magana sai ta ga inda za ta soka allura. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, ai yayana aikinsa ke nan. Dubawa kawai zai yi." Ina roƙon duk mai karanta wannan sanarwa, ranar da aka ce masa dubawa kawai za a yi, ya kulle ƙofa.

Washegari sai ga yayan nata. Injiniya suke ce masa. Mutum ne dogo, da furfura a gemu, da jaka a baya kamar ɗan makaranta, da murmushin da likita ke yi wa wanda ya riga ya yanke wa hukunci. Ya ture mini kwalbar allurai ya ajiye kwamfutarsa a kan kanta. Ya buɗe marigayin, ya danna wani abu, sai ga cikin shafin a buɗe a gabanmu, layuka a jere suna gangarowa kamar matattakala, ba ta da ƙarshe. Ban taɓa ganin an tona asirin bawa irin na ranar ba.

Ya ce, "Hajiya, kin ga kowane layi a nan? Aike ne. Duk wanda ya buɗe shafin nan, wayarsa tana aikawa can babbar kwamfutar da shafin ke zaune a ciki. Ta aika a kawo sunan shago, ta jira. Ta aika a kawo allurar nan, ta jira. Ƙarar keke aikenta daban, almakashi nasa daban, kowane maɓalli nasa daban. Kayan ba su da nauyi, ƙananan fayil ne duka. Zirga-zirgar ce ke cinye lokaci. Kamar ki tura mutum ya sayo miki allura, ya dawo, ki sake tura shi zare, ya dawo, ki sake tura shi zif."

Na ce, "Ni kuwa haka nake sayar da kayana, ɗaya-ɗaya, ban ga wanda ya mutu ba."

Ya yi dariya, wai ya ɗauka wasa nake. Ya ci gaba da zayyano maganinsa. Za a haɗa ƙananan hotunan a faranti guda, a ɗauko su da aike ɗaya. Na ƙasan shafi ba za a ɗauko su ba sai mutum ya gangara wurinsu. Rubutu mai lanƙwasa a bar shi, a yi amfani da wanda kowace waya ke da shi. Allura mai motsi, da keke, da almakashi, a sallame su. Ya nuna lungun sama da bakin birona, wanda ya ɗauka bai tambaya ba, ya ce, "Har ɗan tambarin nan, shi ma sai an aika an ɗauko shi. Ana iya zana shi a jikin shafin, a huta."

Na karɓe birona. Na ce masa ya rufe kwamfutarsa, ya gaida gida. Na juya na ce wa Auta, a gaban matarsa da yayanta, muddin ina numfashi ba mai taɓa shafin nan. Auta ya dubi ƙasa ya ce, "To, Yaya." Tun yana rarrafe na san wannan "to" ɗin. Shi yake yi kafin ya shanye abin da aka ce kada ya taɓa. Amma na ɗauka gemu ya canza shi.

Bayan 'yan makonni naƙuda ta kama 'yata, ta zo da gardama, aka yi mata aiki. Na bar makullin shago a hannun Auta na tare a asibiti. Uwa ta tashi lafiya, jaririya ta zo lafiya, mun gode Allah. Ina zaune a kan kujerar roba da hantsi, jikata a cinyata, sai ga saƙo daga telan nan mai yunifom: "Hajiya, barka biyu. Barka da jika, barka da sabon shafi." Na miƙa wa 'yata jaririyar, na danna adireshinmu.

Kafin in ɗaga yatsana daga kan waya, abin ya riga ya buɗe. Ba sallama, ba gyaran murya. Sunan shagon mahaifina a rubuce da irin rubutun takardar magani. Ba allura. Na kara wayar a kunne, shiru. Maɓallaina duk sun fito lokaci guda, a jere, kamar fursunoni a filin ƙirga. Na danna ɗaya don in ji ƙyas, ba ƙyas. A lungun sama kuwa, inda jan maɓallin nan yake, wani jan da'ira ne da ɗigo huɗu, irin wanda ake zana wa yara. Ma'aikaciyar jinya da ta shigo ta dubi fuskata ta ce ko a auna mini jini.

Ranar da aka sallame mu ban biya gida ba. Na sauka a bakin shago da jakar asibiti a hannu. Na tarar da su ukun: Auta yana ɗaure kwali, matarsa tana rubuta adireshi, Injiniya a kan kujerata, tawa, mai matashin da na ɗinka da hannuna. Kwalaye har bakin ƙofa, sai da na tsallaka.

Matar ta miƙe da fara'a. "Yaya, sannu da zuwa! Ya mai jiki? Kin ga oda kuwa?"

Na ce, "Ba da ke na zo ba." Na dubi Auta. "Ka jira in juya baya."

Ya ajiye igiyar. "Yaya, na roƙe ki ba sau ɗaya ba. Shagon nan mu biyu Baba ya bar wa. Kullum ke ce mai cewa a yi ko kada a yi, ni kuwa ɗan kai kaya. Wallahi har na fara neman wani wurin, in cire rabona in tafi. Na ga gara ki dawo ki zage ni a cikin shago ɗaya."

Wannan magana ban san da ita ba, kuma ta shige ni. Amma ban zo don a ba ni tausayi ba. Na ɗago wayar na kai masa ita har hanci. "Ina maɓallin Baba?"

"Wane maɓallin Baba?"

"Wanda ke saman shafi. Ja."

"Ba cikin kayan sayarwa yake ba?"

Na ce masa ya tuna rigar aikin Baba, mai ruwan toka, mai aljihu uku. Maɓallinta na wuya ya taɓa ɓacewa, Baba ya sa hannu a kwalba bai duba ba ya ɗauko ja ya ɗinka, muka yi ta yi masa dariya, ya ƙi cirewa har ya bar duniya. Da za a ba da kayansa na yanke shi da almakashi. Shi na fara ɗauka a kan karammiskin, kafin kowane maɓalli. Shekara da shekaru yana saman shafin yana gadin shago, sai da aka samu mai ilimin da ya gano cewa ɗauko shi yana ɓata wa duniya lokaci.

Auta ya zauna a kan kwali, kwalin ya lotsa da shi, bai ma ji ba. Ya ce, "Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Injiniya ya tashi daga kujerata, wanda shi ne abu na farko mai kyau da ya yi tun da na san shi. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban sani ba. Hoton yana nan, ban goge komai ba. Zan iya ƙanƙanta shi in saƙa shi a cikin jikin shafin, ya riƙa zuwa tare da shi, ba sai an aika ba. Kafin ki sha ruwa na gama."

Na ce, "Da da wannan dabarar, ka zana mini ƙwallo?"

Ya ce, "Ban ɗauka kowa na kallon wurin ba."

Ya mayar da shi. Ina faɗa ne don kada a ce na ɓoye gaskiya. Maɓallin Baba ya koma lungunsa, ya ɗan dushe, amma shi ne, har da tsagar da ke gefensa. Na nemi a dawo da allura da keke da almakashi, Auta ya ce, cikin ladabi amma ba tare da "to" ɗin nan ba, a'a. Na dube shi, ya dube ni, bai sunkuyar da kai ba. Mun tsaya a nan. Kada kowa ya ɗauka an sasanta. Mayar wa gawa hularta ba ya tayar da ita, kuma ban ce wa kowa na gode ba.

Marigayin ya rasu ya bar ni. Ya bar baƙin karammiski, wanda yanzu matar Auta ke goge gilashin kanta da shi. Ya bar ɗaruruwan hotuna da aka cusa a faranti ɗaya kamar fasinjojin motar haya. Ya bar wani da ake kira magajinsa, mai kama da shi a fuska, mara kunya, wanda ke buɗe wa kowa tun kafin a ƙwanƙwasa. Ya kuma bar abokan ciniki masu yawa, waɗanda na zaci za su cika shagon nan da ta'aziyya, ashe jiran tafiyarsa suke.

A cikinsu wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Baba Tela, abokin mahaifinmu, wanda ya sha ce mini yana son shafin saboda yana ba shi damar zura zare a allura kafin ya buɗe. Na je har shagonsa don in sami wanda za mu yi jimami tare. Na ce, "Baba, ka ga abin da suka yi?"

Ya cire tabarau ya goge. "Na gani, 'yata. Ai da ma kunyarki nake ji. Wancan, kafin ya buɗe na manta abin da na zo saya."

"Kai da bakinka ka ce kana son sa."

"Ke nake so. Shi kam Allah Ya raka taki gona."

Na tashi ban sha ruwansa ba. Ina sanar da shi ta wannan hanya cewa zaren da nake ɗora masa kyauta a kan kowane ciniki ya bi marigayin.

Ga waɗanda ke tare ni a hanya suna cewa, "Hajiya, ai ciniki ya buɗe," ina ji, ba kurma ba ce ni. Ni ke tsugunne ina ƙirga maɓallai a leda tun safe har yatsuna sun daina ji. Na san mai yunifom ya dawo, ya kuma jawo abokansa. Na san na tsallaken titi sun fara zama a bakin ƙofa suna kallonmu. Ba wanda ya ce maganin bai yi aiki ba. Abin da na ce shi ne an yi wa mara lafiya aiki ba da izinin mai shi ba, kuma wanda ya tashi daga kan gadon ba shi ne wanda aka kwantar ba. Mai son taya murna ya wuce wurin Auta, yana ciki.

Za a yi jana'izar ranar Asabar mai zuwa a cikin shago, bayan an sauke ƙofa, domin da rana ba ni da sararin kuka. An kwashe marigayin gaba ɗayansa, da allurarsa da kekensa da almakashinsa, an zuba a filashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Za a naɗe filashin a ƙyallen siliki, a sa a kwalbar da babu kowa a ciki, a ɗora a kan kanta ta sama, inda sai da tsani ake kaiwa. Auta ne zai hau tsanin, ni zan riƙe masa, ya yi ta addu'a kada hannuna ya gaji. Matarsa za ta iya halarta idan za ta iya rufe baki. Baba Tela ya zo da kujerarsa. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar shawara, kuma duk wanda ya furta kalmar "sauri" a wurin zai ga saurin fita.

Injiniya kuwa an yafe masa zuwa. Idan ya nace, ya shigo ta ƙofar baya, ya zo da jakarsa, domin firintar da muke buga adireshi da ita kwana biyun nan tana tari tana cin takarda, kuma na ga yadda Auta ya fara kallonta. Injiniya zai duba ta. Amma wannan karon ina tsaye a kansa.